Wasiƙa daga Maroko: abin da ya sami irin Beldiya

Zuwa ga 'yan'uwa manoma da masu nazarin iri a gida,

Assalamu alaikum. A 2021 Maroko ta halatta noman tabar wiwi don magani da masana'antu a wasu larduna na tsaunukan Rif. A Najeriya haramun ne, kuma ba noman muke tallatawa ba. Maganar iri ce ta sa muka rubuto.

Irin gado na nan sunansa Beldiya, mai jure fari, ruwan sama ya ishe shi. Ka shiga gona ɗaya za ka ga wani dogo, wani gajere, wani ya riga wani nuna. Baƙo sai ya ce iri ya lalace, alhali wannan bambancin shi ne ƙarfinsa: shekarar da ta kashe wasu, wasu za su tsira. Wiwi yana da namiji daban, mace daban, iska ce ke kai bununi, don haka kowace ƙwaya da nata uban. Abin da ke dawwama kamannin gonar ne gaba ɗaya, muddin iyayen suna da yawa.

Da aka shigo da irin haɗi daga Turai, mai yawan amfanin gona da yawan shan ruwa, ba a tsaya raba gonaki ba. To ina ma amfanin iyaka? An taɓa gano bununin wiwin Maroko a iskar kudancin Sifen, ya haye teku. Haka Beldiya ta yi ta gauraya, har tsantsarta ta yi wuya.

Ɓarna ta biyu a hannun mai ajiya take. Idan aka ɗebi iri daga tsiro biyar ko goma, halayen da ba su da yawa sai su ɓace, dangi su riƙa barbarar juna, tsiro ya raunana. Su kuwa rumbunan adana iri sukan busar da ƙwaya, su rufe ta a sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri, su sabunta ta idan tsirowarta ta faɗi ƙasa da kashi 85 cikin 100 na yadda ta fara.

Gero ma iska ke barbararsa. Mai irin kaka da kakanni ya nisanta shi da gonar sabon iri, ko ya saɓa lokacin shuka don kada bununinsu ya haɗu. Ya zaɓi zangarniya daga tsakiyar gona, kamar ɗari biyu, kada ya tsaya kan manya-manya kaɗai.

Wassalam,
'Yan'uwanku masu nazarin iri, daga Maroko.