Abin da na koya a aikin zagayawa da baƙi cikin Westminster

Lokacin da nake karatu a Landan, aikin da ya riƙa biya mini kuɗin haya shi ne jagorar 'yan yawon buɗe ido. A ƙafa muke tafiya, awa biyu, daga mutum-mutumin Winston Churchill, firaministan Birtaniya na lokacin yaƙi, da ke dandalin Majalisar Dokoki, mu bi ta Whitehall, titin ma'aikatun gwamnati, mu ƙare a ƙofar ɗakunan ƙarƙashin ƙasa inda gwamnatin Birtaniya ta gudanar da Yaƙin Duniya na Biyu. Kamfanin ya ba ni takardar abin da zan faɗa a kowace tasha, ya kuma haɗa ni da wata dattijuwa da ta tsufa a sana'ar, in riƙa bin bayanta ina kallo.

Ba tarihi ta fara koya mini ba, tsayuwa ta koya mini. Kai za ka fuskanci rana, baƙi su ba ta baya. Kada ka yi magana kana tafiya, don na baya ba sa ji, kuma su ma kuɗi suka biya. Idan bas ta taho, ka yi shiru ta wuce, kada ka yi gasar murya da inji. Kafin ka tsallaka titi ka ƙirga kawuna, bayan ka tsallaka ka sake ƙirgawa, domin fitilar kan hanya ta Whitehall tana raba ayari gida biyu kullum. Minti uku zuwa huɗu a kowace tasha, da ya wuce haka sai ka ga wayoyi sun fito daga aljihu. Duk wanda ya raina waɗannan, komai iliminsa, iska zai yi wa lacca.

Sai abu na biyu, wanda ya fi kama ni: kada ka faɗi abin da ba za ka iya nunawa da yatsa ba, sai in ya zama dole. In ka ce jiragen Jamus sun fara ruwan bama-bamai a kan Landan ranar 7 ga Satumba 1940, suka yi kusan wata biyu suna dawowa dare bayan dare, mutane za su gyaɗa kai kawai. Amma ka kai su gindin mutum-mutumin Sarki Richard na ɗaya da ke kan doki a harabar Majalisa, ka gaya musu bam ya taɓa lanƙwasa takobin da ke hannunsa, an miƙe shi daga baya, sannan ka nuna musu tabon da ɓarɓashin bam ya bari a jikin dakalin dutsen. Nan za ka ga sun matso, wasu har suna so su taɓa. Daga wannan tabo sai labarin daren 10 ga Mayu 1941 ya shiga da kansa, daren da zauren majalisar wakilai ya ƙone ƙurmus, aka koma zama a zauren majalisar dattawa, ba a buɗe sabon ba sai 1950.

Baƙi ba sa zuwa da kai fanko. Kowa ya taho da labarinsa a shirye, yawanci daga fina-finai. Mutum zai rantse maka kakarsa ta ji Churchill a rediyo yana jawabin nan na cewa za su yi yaƙi a bakin teku da kan tituna. A majalisa ya yi shi ranar 4 ga Yuni 1940, ba a watsa shi da muryarsa a ranar ba, mai karanta labarai ne ya karanto wasu sassa, kuma muryar da ake saurara yau an naɗe ta ne a 1949. Haka jan allon nan mai kambin sarauta da ke cewa a kwantar da hankali a ci gaba, wanda ake sayarwa a kowane shagon tsaraba. An buga shi a 1939, amma kusan ba a liƙa shi ko'ina ba, sai a shekarar 2000 wani kantin tsofaffin littattafai a arewacin Ingila ya tono shi. Su ma ɗakunan ƙarƙashin ƙasan, ana zaton a ciki Churchill ya kwana har yaƙi ya ƙare. Majalisar yaƙi, wato 'yan ministocin da ke yanke shawarar yaƙi, ta zauna a can sau 115, amma shi kwanansa a ciki bai taka kara ya karya ba, ya fi son hawa rufin gini ya kalli hare-haren da idonsa. Gyara irin wannan sai da dabara. Ba ka ce wa mutum kakarsa ta yi ƙarya a gaban iyalinsa. Sai ka ce mutane da yawa suna tuna abin haka, ga kuma yadda takardu suka nuna, ka bar shi ya haɗiye a hankali.

Takardar kamfani ta gina komai a kan mutum ɗaya, Churchill. Ni kuwa da na ƙara karatu, sai na ga wurin da ya fi daɗin bayani shi ne kwanakin 26 zuwa 28 ga Mayu 1940. Churchill bai cika wata guda da zama firaminista ba, sojojin Birtaniya na maƙale a Dunkirk da ke gaɓar tekun Faransa, ministan harkokin waje Halifax yana matsawa a nemi Italiya ta shiga tsakani a ji sharuɗɗan sulhu da Jamus. Mutum biyar ne a majalisar yaƙin, har da Chamberlain da Churchill ya gada, da 'yan jam'iyyar Leba biyu, Attlee da Greenwood. Churchill bai yi nasara da tsawa ba. Ya ja muhawara, ya lallaɓa Chamberlain, sannan ya fita ya nemi goyon bayan sauran ministoci kafin ya dawo ya rufe zancen. Wannan ne shugabancin da ni nake ganin ya cancanci a tsaya a kansa, don a nan ake ganin mutumin yana iya faɗuwa. Kuma ina son fuskokin baƙi, musamman Amurkawa, idan na nuna musu barandar da ya tsaya a Whitehall ranar 8 ga Mayu 1945 jama'a na yi masa shewa, sannan na ce ranar 26 ga Yuli na wannan shekarar aka bayyana sakamakon zaɓe, jam'iyyarsa ta sha mummunan kaye, Attlee ya hau. Mutane sun gode masa a kan yaƙi, amma gidaje da asibiti da aikin yi suke nema, kuma ba shi suka yarda zai kawo su ba.

Darasin da ya fi nauyi bai zo daga littafi ba, daga taswirar hanyarmu ya zo. Hanyar da ka zaɓa ita ke yanke hukuncin waye zai shiga tarihi. Westminster unguwar masu mulki ce, ofisoshi da mutum-mutumin manyan hafsoshi. Waɗanda bam ya fi ci suna gabashin birni, kusa da tashoshin jiragen ruwa, inda ba wanda zai kai baƙi a ƙafa cikin awa biyu. Fararen hula kusan 43,000 aka kashe a Birtaniya a watannin ruwan bama-baman, wajen rabinsu a Landan. A Bethnal Green, ranar 3 ga Maris 1943, mutum 173 suka mutu a turmutsutsu a matakalar tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, ba tare da bam ko ɗaya ya faɗa musu ba, gwamnati kuma ta danne bayanin. Ba komai a Whitehall da zai tuna maka da su. In jagora bai saka su da bakinsa ba, baƙo zai koma gida yana zaton yaƙin taro ne na mutanen da ke sanye da kwat.

Wata rana wani dattijo ya zo da 'ya'yansa, na ji suna Hausa a tsakaninsu. Da muka tsaya a wurin tunawa da matan yaƙi, wanda aka rataye siffar kayan aikinsu a jikin baƙin ƙarfen tagulla, sai na gaishe shi. Ya dube ni da mamaki, muka gaisa sosai, sannan ya ce, "Ɗana, mahaifina ya je Bama. Ina namu a nan?" Na ce, "Baba, ba a kan wannan hanya suke ba." Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi da Japan a dazukan Bama, wato ƙasar Myanmar ta yanzu, Hausa kuma ita ce harshen bariki ga da yawa daga cikin sojojin Nijeriya da na Gana ta yanzu. Sunan barikin Myohaung da ke Legas daga can ya samo asali. Amma a Landan, ginshiƙan da aka kafa don tunawa da sojojin Afirka da Indiya da Karibiyan suna can kusa da kusurwar Hyde Park, tafiyar kusan rabin awa, kuma sai a 2002 aka buɗe su. Bayan an tashi na raka su har can.

Tun daga nan na riƙa saka Bama a zagayena. In ayari ya ratsa ta Carlton Gardens, inda Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, ya yi hedikwata, nakan ƙara da cewa a watan Agusta 1940 gwamnan Chadi, Félix Éboué, ya bi bayansa tun de Gaulle yana ɗan gudun hijira marar ƙasa, daga Chadi kuma dakarun Leclerc, kwamandan de Gaulle, suka ratsa hamada suka kama Kufra ta Libiya a 1941. Faransawa kansu da yawa a wurina suka fara jin wannan.

Yunwar yankin Bengal na Indiya ta 1943, wadda ta kashe mutane wajen miliyan uku, ita ce tambayar da jagorori suka fi tsoro, musamman bayan Yuni 2020 da masu zanga-zanga suka yi rubutu a jikin mutum-mutumin Churchill har aka rufe shi da katako na ɗan lokaci. Wasu abokan aikina kan kauce. Ni ban ga amfanin kaucewa ba, tunda mutum-mutumin Gandhi yana tsaye a dandali ɗaya da nasa tun 2015. Nakan ce Japan ta kama Bama ta yanke shinkafar da ake shigowa da ita, farashi ya yi tashin gwauron zabi, hukumomin Indiya suka roƙi jiragen hatsi, gwamnatin Churchill ta ba da ƙasa da abin da aka nema saboda ta fifita jigilar yaƙi, masana kuma har yau suna jayayya a kan girman alhakinsa. Wani baƙo ya ɓata rai, wani ya ga ban faɗi da zafi ba.

Duk wannan ƙari lokaci yake ci, awa biyu kuma ba ta ƙaruwa. Abin da na sadaukar shi ne tsayuwa a bakin Downing Street, titin gidan firaminista. Tun 1989 aka sa wa titin ƙofar ƙarfe, ba abin da ake hangowa sai 'yan sanda da bindigogi da kawunan wasu baƙin. Nakan ba su minti ɗaya su ɗauki hoto, in ƙirga kawuna, mu wuce.