Ledar Tara da Jujin Makarantarmu

Ina koyarwa a ajin share fage na wata firamare da ke ƙauyenmu, cikin ƙaramar hukumar Ringim ta jihar Jigawa, inda muke karɓar yara 'yan shekara huɗu zuwa biyar kafin su shiga aji ɗaya. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta shigar da renon ƙananan yara cikin ilimin tushe, amma sharar da ajin yake tarawa kullum bayan an tashi tara, malamar ajin ce take fama da ita.

A da shara a ƙauye dukiya ce. Toka da ɓawon gyaɗa da kashin awaki duk a juji suke taruwa, idan bazara ta yi a loda su a mangala, jaki ya kai gona. Manoman kewayen Kano har sayen sharar birni suke yi domin taki. Leda ce ta ɓata wannan tsari, domin ba ta ruɓewa a ƙasa, kuma yaro guda yakan zo da ruwa a leda, awara a leda, zoɓo a leda. Bara akuyar wata maƙwabciyarmu ta rame, ta ƙi abinci, da aka yanka ta sai mahauci ya zaro dunƙulen leda daga tumbinta. Matar ta zo har bakin aji ta ce, "Malama, ledar 'ya'yanku ce." Ban yi mata musu ba.

Da farko ƙonawa muka riƙa yi, sai muka ga hayaƙin yana sa yara tari, musamman da hunturu, muka daina. Daga nan muka koma kan ruwan sha, wanda shi ne ya fi kawo leda. Wasu iyaye sun ba da shawarar randa da moɗa, ni kuwa ban yarda ba, domin moɗa guda da kowane yaro zai tsoma da hannunsa hanya ce ta yaɗa amai da gudawa. Bokiti mai murfi da famfo muka saya, ana cika shi daga rijiyar burtsatse, kowane yaro kuma yana da kofinsa mai alama. Mai awara da mai ƙosai da ke bakin ƙofa mun roƙe su su riƙa zuba wa yaro a kwanonsa, suka amince da sauri, tunda ledar ma da kuɗinsu suke saya.

Ragowar abinci muna zuba shi a rami tare da busasshen ganye da toka, yana zama takin zogalen da muka shuka a bayan aji. A rubutu kuwa makarantar allo muka kwaikwaya: a rubuta, a goge, a sake, maimakon littafin da yaro zai yayyaga cikin mako guda. Da kara da yumɓu suke ƙera motoci da shanu, da duwatsu suke koyon ƙirga, sai dai ina zaɓen manya waɗanda ba za su haɗiyu ba.

Abin da ya gagare mu shi ne ledar biskit da alawa. Wannan muna tara ta a buhu a ɗaure bakinsa, a rataye shi a rassan darbejiya inda akuya ba za ta kai ba.