Oga wannan tab ɗin octa-core ce?

Kusan kullum sai wani ya shigo shago ya ɗauki tablet ya juya bayanta ya ce min, Oga wannan octa-core ce? Nufinsa ko furosesanta, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa komai a cikinta, mai ƙwaya takwas ne. In na ce eh sai ka ga fuskarsa ta saki kamar an masa albishir, in kuwa na ce ƙwaya huɗu ce sai ya ajiye a hankali ya fara lalubar ta kusa da ita. Na gaji da bayani ɗaya da baki shi ya sa yau na ce bari in zauna in rubuta, duk wanda ya sake tambayata sai in tura masa kawai.

Tun 2013 nake wannan harka a Kano, na fara ne a matsayin yaron shago a wajen Farm Centre, sai a 2015 Allah ya yi na buɗe nawa. Yanzu mu huɗu ne, ni da yara uku, ɗaya na kan teburin gyara ɗaya na kan filashin da sofwaya ƙaramin kuma shi ne ɗan aike da goge-goge har ya koya. Muna taɓa waya amma ainihin abincinmu tablet ne, sabuwa da tokunbo. Masu saye kuwa iri-iri ne, iyaye masu son yaro ya saki musu waya, malamai masu ɗora Alƙur'ani da littattafai, ɗalibai masu gwajin tambayoyin JAMB, sai ma'aikatan ƙungiyoyi da ake turawa ƙauye tattara bayanai, waɗannan su ne suka fi kowa damuwa da batir.

Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne tablet ba ta da fanka. Kwamfutar tebur furosesanta zai iya shan wat 65 ga fanka na hura masa iska, laptop ma da yawa wat 15 ne kuma da fankarta, ita kuwa tablet an matse komai a cikin faranti siriri, furosesa na manne da batir, batir na manne da gilashi, babu inda zafi zai bi sai ta jikin murfin baya. Don haka dole furosesan ya rayu da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, wat biyu uku haka. Duk dabarar masu ƙera shi a nan take, yadda zai yi aiki mai yawa da abinci kaɗan kuma kar ya ɗau zafi.

To yawancin waɗanda ke cikin tab ɗin da muke sayarwa zanen kamfanin ARM ne na Ingila, su ba sa ƙera furosesan tab da kansu, zane suke sayarwa sai irin su MediaTek na Taiwan da Qualcomm na Amurka da Unisoc da Rockchip da Allwinner na China su saya su haɗa nasu. Kuma ƙwayoyin nan da ake ƙirgawa ba iri ɗaya ba ne. Ni yadda nake gaya wa kwastoma shi ne akwai jaki akwai doki. Cortex-A53 da A55 jakuna ne, ba sa cin abinci da yawa, za su wuni suna tafiya amma kar ka ce su yi sukuwa. A75 da A76 su ne dawakai, da ka danna abu sun zabura, amma suna cin batir suna kawo zafi. Tun 2011 ARM suka fito da tsarin haɗa manya da ƙanana a furosesa ɗaya wanda suka kira big.LITTLE, wato in kana karatu ko sauraron wa'azi jakuna ke ja, in ka buɗe wani abu mai nauyi sai doki ya karɓa na ɗan lokaci ya mayar.

Ga misali da nake yi a kan kanta gaban mai saye. Galaxy Tab A7 Lite ta 2021 da Galaxy Tab A9 ta 2023, girman allonsu ɗaya inci 8.7, batir ɗaya 5100mAh, kuma duka biyun octa-core ne in ka bi ta kwali. Amma ta farkon Helio P22T ne a ciki, A53 guda takwas, jakuna zalla. Ta biyun Helio G99, A76 guda biyu da A55 guda shida. Sai in ɗora su gefe da gefe in ce Alhaji danna YouTube a duka biyun lokaci ɗaya, kafin ta farkon ta gama miƙa ta biyun har ta fara nuna hoto. A nan ne mutum yake yin shiru ya ce to ai duka takwas takwas ne, in ce masa ranka ya daɗe jaki takwas in ka ɗaure su tare kaya za su ƙara ɗauka, gudu kam ba za su ƙara ba. Kuma yawancin abin da muke yi da tab, buɗe manhaja, jan shafi sama da ƙasa, rubutu, ƙarfin ƙwaya ɗaya ko biyu yake nema. Ba wai ina kushe A7 Lite ba ne fa, na sayar da ita da yawa kuma ga mai karatu da kallo tana yi, amma kar a saya ana zaton abu ɗaya ne.

Sai maganar nanomita, wannan lambar da ake rubutawa 28nm ko 12nm ko 6nm. A taƙaice tana nuna zamanin da aka ƙera shi, in lambar ta yi ƙasa to zai fi yin aiki da ƙaramar wuta. Unisoc SC9863A da ke cikin tab masu araha da yawa 28nm ne, A55 takwas. T606 da T618 12nm ne kuma kowanne na da A75 biyu. G99 da Snapdragon 680 6nm. Wanda ke zaune a ƙasar sanyi wataƙila bambancin ba zai dame shi ba, amma mu nan a watan Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40, ga ba wuta ga ba fanka, bambancin a tafin hannu za ka ji shi. Furosesa in ya ji zafi ya kai wani mataki da kansa yake rage gudu don kar ya ƙone, shi ya sa mutum zai ce min da safe tana gudu da rana tana maƙalewa, ko an mata asiri ne. Ba asiri, rana ce. Ƙari a kan haka a sa ta a caji ana kallo, an lulluɓe ta da wannan katon kondon roba na yara, zafin furosesa da na caji su haɗu a kan batir, bayan wata shida a kawo min ita murfi ya ɗago batir ya kumbura kamar burodi. Wannan gyaran kam ba na jin akwai satin da ba ma yinsa.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne na wata Hajiya mai makarantar kuɗi, ba zan faɗi unguwar ba. Wani ya kawo mata tab guda talatin a farashin da ko ni da nake saro kaya ban taɓa gani ba, kwali ya sha rubutu, RAM (wurin da take riƙe aikin da take kai) 8GB, ma'aji 256GB, 5G, har da hoton wuta na fita daga furosesa. Sati biyu ba a yi ba yara suka fara kuka ba ta buɗe darasi. Da aka kawo na shiga settings na ga lallai 8GB ta rubuta, yarona na sofwaya ya sa manhajar duba kayan ciki ita ma ta maimaita ƙaryar saboda sun gyara sofwayar ta yadda za ta faɗi abin da suke so. Na ce a buɗe guda ɗaya. Muka ɗaga murfi muka cire ƙarfen da ke rufe da injin, na sa madubin ƙara girma na karanta lambar da ke jikin furosesan, tsoho ne mai ƙwaya huɗu Cortex-A7, 28nm, wanda ko 4G bai sani ba balle 5G. RAM ɗin gaske 1GB, ma'aji 16GB. Batir ɗin kuwa ɗan ƙarami aka manna a tsakiya duk gefensa fili. Hajiya ta ce to ɗana yanzu ba za a iya canza musu furosesan ba? Na ce Hajiya wallahi da ana yi da na yi miki, amma a like yake da dalma a jikin inji, shi da RAM ɗin duka, ba kamar kwamfutar tebur ba ne da za a zare a sa wani. Abin da muka iya kawai shi ne muka cire tarkacen manhajojin da ke ciki muka bar musu mai buɗe PDF da mai kunna sauti, a haka ake lallaɓawa. Wanda ya sayar mata kuwa layinsa har yau a kashe.

Ni ma kaina na taɓa cin tawa wainar, kar a ce ina ta nuna wayo. Akwai lokacin da Intel suka shigo kasuwar tablet da ƙarfinsu da furosesan Atom, a 2014 suka sa wa kansu burin shiga tablet miliyan 40 har suna tallafa wa masu ƙerawa da kuɗi don su yi amfani da nasu, kuma sun cimma burin amma sashen nasu na wayoyi ya yi asarar sama da dala biliyan 4 a shekarar. Shi ya sa a lokacin ƙananan tab masu Windows suka cika ko'ina da araha. A Afrilun 2016 suka soke sabbin Atom ɗin da suke shiryawa na waya da tablet, ni kuwa ban bi labari ba, ƙarshen shekarar na kwashi kuɗina na saro tokunbo guda ashirin masu Atom Z3735F, RAM 2GB ma'aji 32GB, ina lissafin ɗaliban jami'a za su yi rububi tunda ga Windows ga Word a farashin waya. Gaskiya furosesan bai yi laifi ba, ba ya zafi sosai kuma rubutu da PDF yana yi lafiya. Ni ne ban yi lissafin 32GB ba, Windows 10 na yin update sau biyu wuri ya cika. Da muka zo sake musu Windows sai filashinmu ya ƙi tashi, kwana biyu muna fama kafin muka gano furosesan 64-bit ne amma UEFI ɗinsu, wato manhajar da ke fara tayar da injin, 32-bit, sai an haɗa filashi na musamman. Da muka samu ya hau kuma sai tacin allo ya ɗauke, sauti ya ɗauke, ka danna nan ya amsa can, direbobin kuma, wato ƙananan sofwayar da ke sa allo da sauti su yi aiki, babu inda za ka same su tunda masu haɗa tab ɗin ko shafin intanet ba su da shi. Tun daga ranar na kafa doka a shago, ba a goge tab mai Windows sai an kwashe direbobinta an ajiye. Takwas na sayar da riba, goma na karyar, biyu suna nan a ƙasan kanta har yanzu muna cirar sukurori. Ga shi ma tun 14 ga Oktoban 2025 Microsoft sun daina tallafin Windows 10, kuma waɗannan tsofaffin Atom ɗin ba sa cikin jerin da Windows 11 ta yarda da su, don haka duk wanda ya kawo min irinsu sayarwa ina ba shi haƙuri.

Wani abin kuma, ba kowane nauyi ne laifin furosesa ba. Sau da yawa ma'ajin ne ya gaji. Tab masu araha wani irin ma'aji da ake kira eMMC suke amfani da shi, yana da jinkiri kan ɗayan irin da ake kira UFS kuma in ya cika ko ya tsufa sai komai ya tsaya. Tsofaffin hannu za su tuna Nexus 7 ta 2012 mai Tegra 3, lokacin da ta fito kowa yabonta yake, bayan shekara guda mutane suka fara kukan ta zama kunkuru, ashe ma'ajin ne ba a share shi yadda ya kamata, sai da Android 4.3 ta zo da gyaran. Har yau in aka kawo tab tana nauyi abin da muke fara dubawa ke nan, sau tari za ka tarar bidiyon WhatsApp na gurup goma sha ne suka cinye wurin, a share a bar fili ta dawo hayyacinta, mu karɓi kuɗin ruwa kawai.

Na san wani zai ce to iPad fa. Eh, Apple su suke zana nasu furosesan tun A4 na iPad ta farko a 2010, kuma a 2021 suka sa M1 irin na laptop ɗinsu a iPad Pro, a gudu kam ba a haɗa su da waɗannan da nake lissafawa. Tokunbon iPad mai A13 har gobe tana ba sabbin tab masu araha ratar gaske. Amma tun da dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024 masu tambayarta sun ragu a wajena, ga tsadar gilashi in ya fashe, ga fargabar a sayo wadda ke kulle da iCloud ɗin wani, wato asusun Apple na tsohon mai ita.

Yanzu in mutum ya zo ba na fara masa da lambobi, tambayarsa nake me za ka yi da ita, kuma a ina. Jiya wani malami ya zo daga wajen Bichi, ya ce shi Alƙur'ani da tafsiri da ɗan sauraron karatu kawai yake so, kuma garinsu sai a kwana uku ba wuta, a wajen mai sola yake kai caji. Ɗansa da ya rako shi sai jan shi yake wajen wata babba mai tsada wai ita ce mai ƙarfi. Na ce Malam wannan kuɗinka kawai za ta ci, na ɗauko masa mai T606 da RAM 4GB na gaske, na rage hasken allo na kashe abubuwan da ke gudana a ɓoye, na sa aka ɗora masa littattafansa yadda ba sai da data ba. Ragowar kuɗin na ce ya ƙara ya sayi pawa bank. Ɗan dai bai ji daɗi ba, da alama shi ƙwallo ya so ya riƙa bugawa a ciki, har sun kai bakin ƙofa ya juyo ya ce min, Oga amma dai octa-core ce ko? Na ce masa eh, doki biyu jaki shida.