Litinin ce ranarmu

Har yau idan aka tambayi Hajiyarmu a Katsina aikin surukinta, sai ta ce yana buga ƙwallo a Amurka. Na gaji da gyara mata. Maigidana bai taɓa buga ƙwallo an biya shi ba. Aikinsa kula da jikin masu bugawa: shi ke ɗaure idon sawu, shi ke ɗora ƙanƙara a kafaɗa, shi ke rugawa cikin fili idan ƙwallo ta sami wani a haƙarƙari. Wasan ma ba na ƙafa ba ne, besbol ne, wanda ake jefo wa mutum ƙwallo mai tauri kamar dutse, ya make ta da gora, ya zura da gudu.

Kuma ba a babban rukunin da ake nunawa a talabijin yake ba. Ƙungiyoyi 30 na wannan babban rukuni kowacce tana da ƙanana a garuruwan da ba su yi suna ba, inda ake rainon samari. Can ake tura shi, kwantiragi shekara-shekara, sai cikin hunturu ake gaya masa garin da zai faɗa. Fabrairu na rabawa zai wuce sansanin atisaye a Florida, a fara kaka a Afrilu, ba a gamawa sai Satumba. A matakin da yake yanzu, na biyu daga sama a ƙananan rukunai, wasa 138 suke yi, rabi a gida rabi a waje, wajen kuma a bas ake zuwa.

A 2017, shekararsa ta farko, na ce ƙafata ƙafarsa. Na kwashi yara biyu muka bar birnin Greensboro na jihar North Carolina, inda muke zaune cikin 'yan uwanmu mutanen Nijar da suka cika garin, muka kama hayar wata biyar a wani ɗan gari da ba masallaci, naman halal kuwa sai na yi tuƙin awa biyu. Wai na bi miji. Ashe kayansa kawai na bi. Wasan ƙarfe bakwai na yamma, shi tun kafin azahar yana can, ba ya shigowa sai an raba dare, domin sai ɗan wasa na ƙarshe ya gama jinya yake kulle ɗakinsa. Mako guda yana gari, mako guda yana hanya. Azumin shekarar ya faɗo a Yuni, rana ba ta faɗuwa sai wajen takwas da rabi. Dabino uku nake ƙulle masa, ya sha ruwa a tsaye a bakin fili ana tsakiyar wasa, ni kuma in sha nawa ni kaɗai, ina kallon kunun da na dama na mutum biyu.

Abin da ya riƙe ni a garin, samarin nan ne. Da yawansu daga Jamhuriyar Dominika da Benezuwela suke, 'yan shekara 19 ko 20, ba Turanci, ba uwa a kusa, su biyar ko shida a gida ɗaya kan katifun iska, don a lokacin kowa da kansa yake neman wurin kwana. Sai a 2022 aka ɗora wa ƙungiyoyi nauyin ba su masauki. Wata rana maigida ya zo da biyu, na rasa abin da zan ba su sai garau-garau. Suka dubi kwano suka dubi juna suka fashe da dariya: shinkafa da wake, abincin gidansu ke nan. Yajin ne dai ya sa su hawaye. Daga nan tukunyata ta ƙara girma.

Babban ɗanmu ya shaƙu da ɗaya daga cikinsu, wani dogo mai jifa. Wata safiya aka ce an sallame shi. Gwiwar hannunsa ta daɗe tana ciwo, ƙungiya ta gaji da jira. Ko sallama ba su yi ba. Yaron nan ya kwana uku yana tambaya, ni kuma na yi masa ƙaryar cewa ya je ganin gida ne zai dawo. Har yau ina nadamar wannan ƙarya. Yanzu tun farkon kaka nake gaya musu gaskiya: duk wanda kuka gani a nan, gobe ana iya ɗaga shi sama, ko a yi musayarsa da wani, ko a ba shi tikitin gida.

Daga 2018 na daina bi. Muna zaune a Greensboro har a rufe makaranta a Yuni, sai mu je wurinsa, mu dawo a Agusta. Nan na yi kuskure na biyu, wanda ya fi na farko. Duk laifin da yaro ya yi, sai in ce, "Bari Abbanku ya kira." Mutumin da ba sa gani sai a fuskar waya, na mayar da shi alƙali. Shi kuma ya kira ƙarfe ɗaya na dare daga cikin bas, a gajiye, in sauke masa kuɗin wuta, da famfon da ya fashe, da rashin kunyar da aka yi mini. Wata rana ya yi shiru, can ya ce, "Maman yara, ni fa muryarki na kira in ji." Na ji kunya, amma na ji haushi kuma, don ni ma ba wanda ke tambayata gajiya.

Korona ce ta tona mana asiri. A 2020 aka soke kakar ƙananan rukunai baki ɗaya, ya zauna gida wata da watanni, sai ga shi ba shi da gurbi a gidansa. Bai san lokacin barcin yara ba, bai san wa ke cin albasa wa ba ya ci ba. Ya ce a yi kaza, yara su waiwayo su dube ni. Na saba riƙe komai, sakin ya gagare ni. Sai da muka zauna muka raba: karatun allo da hadda nasa ne, ko yana ina. Har yanzu duk safiya kafin ya tafi fili, ta bidiyo yake karɓar hadda, ni ko ɗakin ba na shiga.

A 2021 aka yi wa ƙananan rukunan garambawul, aka rage ƙungiyoyi zuwa 120. Garuruwa da dama sun rasa nasu, mutane sun rasa aiki, kuma mun yi watanni ba mu san ko muna ciki ba. Amma sabon jadawalin ya zo mana da abin da ba mu taɓa samu ba: wasa shida a jere da abokiyar karawa ɗaya, Talata zuwa Lahadi, Litinin hutu. Da can sai a yi mako biyu ko uku ba a huta ba. Muka kwashe komai muka kai Litinin. Walimar saukar izu ta yi Litinin, ganin likitan haƙori Litinin, har faɗanmu ma nakan adana shi sai Litinin, kuma sau da yawa kafin ta zo ya huce.

Babbar Sallah ta sha wuce shi, mu je Idi mu kaɗai, maƙwabta su aiko da nama. Amma ƙaramar Sallar 2022 ta faɗo 2 ga Mayu, Litinin. Ranar Lahadi wasan rana suka yi, yana gamawa ya kama hanya, awa biyar, ya iso yara sun yi barci. Da asuba 'yar autarmu ta fito ta tarar da shi a falo yana goge babbar riga. Ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Abba, yau an soke wasan ne saboda ruwa?"

Ya ce, "A'a, Uwata, yau Litinin."

Washegari kafin kiran sallah na ji yana laluben makullin mota cikin duhu. Na tashi na ƙulle masa tuwo da cincin, na ƙara wani ƙunshin na samarin, wannan karon ba yaji.