Godiya ga Duk Wanda Ya Tsaya Mana a Rashin Taubashina

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A madadin Goggo, da matar marigayi da 'ya'yansa, da dangi baki ɗaya, ina miƙa godiya ga duk wanda ya tsaya mana tun daga jinyar ɗan'uwana, taubashina, har ranar da muka kai shi makwancinsa. Waɗanda suka yi sahu a sallar jana'iza, da waɗanda suka zo gaisuwa, da waɗanda nisa ya hana amma suka bugo waya ko suka turo saƙo, Allah Ya ba kowa lada, Ya bar zumunci. Saƙonnin na karanta wa Goggo su ɗaya bayan ɗaya, tana amsawa da amin, ta ce a gaishe ku.

Da yawa daga masu ta'aziyya sun ɗauka uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Ɗan ƙanwar mahaifina ne. Shekara ɗaya aka haife mu, kuma har ya koma ga Allah ba mu gama musu kan wanda ya girmi wani ba. Ni ne babba, Goggo shaida ce, amma shi ya ce 'yan watanni ba girma ba ne. Aji ɗaya muka zauna, bulala ɗaya muka sha a kan ɓarnar da galibi shi ya kitsa. Da na tashi neman aure, shi ya fara sani kafin mahaifiyata. Ga tsokana kamar me, amma ban taɓa jin maganar da na faɗa masa a asirce ta fito daga bakin wani ba.

Ciwon ƙoda ne sanadi. Likita ya yi mana bayanin cewa hawan jini da ciwon sukari su ne kan gaba wajen lalata ƙoda, kuma tana iya lalacewa sosai mutum bai ji komai a jikinsa ba. Nasa hawan jini ne. Sai da ƙafafu suka fara kumbura, fuska ta bi, sannan aka gano, kuma a lokacin abu ya yi nisa. Daga nan aka shiga wankin ƙoda, sau 3 a mako, kowane zama kusan awa 4. An yi masa aiki a hannu aka haɗa jijiyoyin jini biyu saboda allurar na'urar, idan ka ɗora yatsa a wurin sai ka ji yana zirr ba tsayawa. Yakan kamo hannun yara ya ɗora, ya ce musu inji aka sa masa.

Abin da ya fi wahalar da shi ƙishirwa. An ƙayyade masa ruwan sha, domin ƙodar da ba ta fitar da fitsari, duk abin da aka sha taruwa yake yi har ya kai ga huhu. Matarsa ce ke auna masa a wani ƙaramin kofi, in abin ya tsananta ta ba shi guntuwar ƙanƙara ya tsotsa. Ita ke jin faɗansa, ita ke kwana a kujerar asibiti, ita ke riƙe da lissafin magunguna. Masu irin wannan jinya ba a cika ambatonsu ba in an zo godiya, kuma ina ganin wannan rashin adalci ne. 'Yar'uwa, Allah Ya saka miki da Aljanna.

Ma'aikatan jinya na ɗakin wankin ƙoda, kun yi haƙuri da barkwancinsa da kuma ranakun da ba ya son magana da kowa. Mun gode. Masu ba da jini kuma ban san da wane baki zan gode muku ba. Ƙoda ce ke samar da sinadarin da ke sa ɓargo ya yi jajayen ƙwayoyin jini, shi ya sa jininsa ke yawan yin ƙasa. Duk sanda muka yi cigiya sai abokan aikinsa su zo, wasu ma ba su taɓa ganinsa ba, sanarwa kawai suka gani suka miƙa hannu. Ƙaninsa ya je an gwada shi don ya ba shi ƙoda ɗaya, gwajin bai dace ba, ya fito yana kuka kamar shi ya yi laifi. Maƙwabcin da ya mayar da motarsa tamu, ko tsakar dare aka buga masa ƙofa ba ya tambayar dalili, Allah Ya san shi. Har waɗanda suka riƙa kawo labarin magunguna iri-iri, mun san ƙauna ce, duk da likita ya hana shi shan komai ba da izininsa ba.

Akwai saƙon da ya bar mini, ya kuma nanata: kada a bar shi da nauyin kowa. Don haka duk wanda yake bin sa bashi, komai ƙanƙantarsa, ko wanda ya ba shi ajiya, ya same ni ko ƙaninsa, ba sai ya ji nauyi ba. Wanda tsokanarsa ta taɓa ɓata wa rai kuma, muna roƙon ya yafe masa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa jinyar ta zama kaffara, Ya raya abin da ya bari.