Abin da littafin gidan abinci ya koya mini game da aljihun Daura

A Amurka, duk farkon wata hukumar ƙididdigar ƙwadago kan fitar da adadin masu aiki a gidajen abinci da mashaya, masana su duba su gane nauyin aljihun jama'a. A watan Afrilun 2020 kaɗai, lokacin kullen korona, ayyuka miliyan 5.5 suka salwanta a wannan ɓangare. Dalilin sa masa ido a fili yake: cin abinci a waje shi magidanci ke fara yankewa in ya ji matsi. Mu nan mashaya ba ta cikin lissafi, tun da jihar Katsina ta ƙaddamar da shari'a a 2000. Ma'auninmu shi ne teburin mai shayi, da tukubar mai tsire, da gidajen abinci irin wanda na riƙe wa littafin shiga da fita a Daura.

Zamanin da marigayi Buhari ke mulki, in ya zo gida Babbar Sallah, gwamnoni da ministoci kan biyo shi. Su kam ba sa cin namu, amma direbobinsu da jami'an tsaro suna ci, har sai Hajiya, mai gidan abincin, ta nemo ƙarin hannu daga unguwa. Sai 2023 ta zo da duka a jere: ƙarancin takardun naira a farkon shekara, cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, sannan rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, wanda ya ɗauke mana direbobin hanyar Kwangwalam, bakin iyakarmu da Nijar.

Tun kafin a sallami kowa, faranti ya fara nuna alama. Mai cewa a sa masa nama biyu ya koma ɗaya, daga baya ya koma "Hajiya, malmala biyu, miya kawai." Ma'aikatan gwamnati da ba sa shiga littafin bashi sai wata ya yi nisa suka fara shiga tun tsakiyarsa. Wata safiya Hajiya ta leƙo ta ce, "Malam, rubuta, daga gobe tiya huɗu za a ɗora." Sallamar ma'aikata kuwa tana da tsarinta. Yaron da ke kai abinci ofisoshi shi ya fara tafiya, sai ɗaya daga masu wanke-wanke, almajirai suka karɓi aikin a bakin ƙanzo da ragowar miya. Mai tuƙa tuwo ba a taɓa ta, don in ta tafi gidan ya tashi ke nan.

Wurin da na fi ƙaruwa shi ne inda waɗanda aka sallama suka nufa. Ba wanda ya zauna. Mai wanke-wanken ta kafa kaskon awara a ƙofar gidansu, yaron ya koma tura baron dafaffiyar taliya a bakin tasha. Baƙon da ya ratsa gari da yamma zai ga hayaƙi ko'ina, ya ce sana'ar abinci ta bunƙasa, alhali mutum goma ne ke rabon cinikin da a da bai wuce na mutum uku ba. Shi ya sa ban yi murna ba da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sauya tsarinta a 2023, ta ɗauki duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako a matsayin mai aiki, rashin aikin yi ya faɗo daga kashi 33.3 zuwa 4.1 cikin ɗari. A wannan tsarin mai awarar nan tana da aiki. Ni dai in zan auna gari, hannun da wani ke biya lada kullum nake ƙirgawa, ban damu da yawan kasko ba.

Sai kuma a kula da lokaci. Azumi kan rufe cinikin rana, kaka kan buɗe shi, don haka watan bana da irinsa na bara ake gwadawa.

Da aka buɗe iyaka a Maris 2024, direbobi sun fara dawowa jefi-jefi. Hajiya ta ƙara tiya, ta ƙara nama, amma ta ƙi ƙara mutum, domin farashin abinci na ta hawa, har hauhawarsa ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar shekarar. Da na yi mata maganar dawo da yaron, cewa ta yi, "Malam, bari mu ga bayan kaka tukuna."