Yadda na rage wa akawal ɗina geza

Kusan wata biyu na yi ina saƙawa ina kwancewa kafin na yarda a taɓa gezar dokin nan. Akawal ne baƙi wuluk, duk wanda ya shigo barga gezar yake fara yabawa, don ta sauko har kafaɗa, in ka auna ta fi kamu ɗaya. Ranar hawan sallah in ya taho yana taku tana kaɗawa, wallahi ni da nake kansa ma sai in ji wani daɗi a raina. To ka ga ba abu ne da mutum zai tashi rana ɗaya ya datse ba.

Da kaka matsalar ta fara, lokacin da ƙarangiya ta nuna. Yaron da ke fita da shi bayan gari zai dawo min da shi gezar duk ta cukurkuɗe, ƙarangiya ta shige ciki ta ɗaure gashin curi-curi, in ka sa hannu ta soke ka, ga gumi yana taruwa a ƙarƙashi ba ya bushewa, sai dokin ya koma goga wuyansa a jikin bango har wani waje ya fara saɓulewa. Da na ɗaga gezar na duba sosai kaska biyu na ciro. Amma abin da ya tsorata ni na gaske ranar da muka fita sukuwa ne, gashin ya naɗe da linzami a yatsuna, na zo in ja shi ya tsaya sai na ji geza nake ja ba bakin doki ba. Allah dai ya tsare babu kowa a gabanmu.

Wani abokina da ke kula da dawakin ƙwallon dawaki a Kaduna ya ce min kawai in sa kilifa in aske ta tas a huta. Su haka suke yi, dokin folo ba a bar masa geza, wutsiyar ma naɗe ta ake yi a ɗaure saboda kar ta sarƙe da sanda ko linzami ana tsakiyar wasa. Hujjarsu mai ƙarfi ce, amma nawa dokin hawa ne, kuma geza ba ado kaɗai ba ce, da ita yake korar ƙuda daga wuyansa musamman da damina. Ban da haka gashin nan ba ya saurin fitowa, a wata da ƙyar yake ƙara inci ɗaya, wato in ka aske tas sai ka shekara da wani abu kana jira, kuma farkon tsirowarsa tsaye yake miƙewa kamar burushi.

Kuskurena shi ne gaggawa. Wata safiya na wanke shi, gezar na jiƙe, ya sunkuyar da kai yana cin harawa, na ɗauko almakashi na datse daidai gindin wuya inda gaban sirdi ke zama. Da ta bushe ya ɗago kai sai wajen ya ɗage sama fiye da yadda na auna, bakin gashin ya yi kauri ya miƙe sak kamar an yanke tsintsiya. Raina ya ɓaci ƙwarai ranar.

Da yamma wani dattijo maƙwabcinmu da ya yi shekaru yana aikin barga ya leƙo, ya daɗe yana kallon wajen sannan ya ce, "Ɗana, wa ya yi wa dokin nan haka?" Na ce ni ne Baba. Ya ce, "To ajiye almakashin nan, je ka samo man kaɗanya. Ba a rage gashin da ba a warware ba."

Kwana uku muka yi muna warwarewa kawai. A narka man a shafa a kan curin, a bar shi ya jiƙu, sannan a bi da yatsa daga bakin gashi ana hawa sama a hankali, ƙarangiyar na zamewa ɗaya bayan ɗaya, kum sai a ƙarshe. Abin mamaki da muka gama sai na ga rabin abin da nake cewa sai an yanke ashe ba ya buƙatar yanka. Daga nan muka wanke man da sabulu, don in ka bar shi ƙurar hunturu ce za ta manne.

Ragewar kuwa Baba ya ce sai na dawo daga kilisa jikin doki da ɗumi, a lokacin gashi ya fi saurin fita. Zai kama 'yan silin da suka fi tsawo daga ƙarƙashi, ba su fi biyar ko shida ba, ya tura sauran sama da kum, ya naɗe waɗannan a jikin kum ɗin ya fizge lokaci ɗaya. Da haka gezar ke rage tsawo tana rage cika tare, kuma bakinta ya fito kamar haka Allah ya halicce ta. A tsakiyar wuya dokin ko a jikinsa, amma da aka matso kusa da kunne ya fara kaɗa kai yana buga ƙafa, nan na ce Baba don Allah a bari, ban iya ganin yana jin zafi saboda kwalliya. Bai yi musu ba, ya karɓi almakashin ya juya bakinsa sama yana ɗan tsinke bakin gashin kaɗan-kaɗan maimakon yanka a kwance, yana yi yana ja da baya yana duba dokin a tsaye da kansa a ɗage. Kullum kaɗan muke yi, sai da muka ci sati.

Mun tsaya a taƙi ɗaya da yatsu huɗu. Bayan kunne inda linzami ke kwanciya mun share faɗin yatsu biyu, gashin goshi da wutsiya ko sili ba mu taɓa ba saboda ƙuda. Yanzu in za a fita da shi daji sai a yi masa kitso manya-manya sakwa-sakwa, in ka matse lokacin da ya sunkuya cin ciyawa gashin tsinkewa yake daga tushe, kuma duk sati ake kwancewa a taje.

Ƙaiƙayin ya tafi, inda ya saɓule ya cike, linzami ma ya daina sarƙewa. Wajen da na datse da hannuna ne dai yau wata biyar bai kamo sauran ba, kullum in na zo ɗaura sirdi sai na shafa wurin na auna da yatsa.